Kafin Mu Ɗauki Guduma: Magana a Kan Hauren Alade



Wani abu ya faru a ƙungiyarmu bayan girbin bara, na kuwa ga ya kamata in kawo shi gabanku, gama na san ba mu kaɗai ne muke da irin wannan damuwa ba. Muna da namijin alade guda ɗaya, ƙato, wanda muka haɗa kuɗi muka saya domin gyaran iri. Duk ɗan ƙungiyar da aladiyarsa ta nemi barbara yakan kawo ta wurinsa. Ran nan wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu, ya shiga ɗakin shi kaɗai domin ya fitar da ta gidansu. Ya juya baya ke nan sai namijin ya kaɗa kai sau ɗaya tak, ya tsarge masa cinya. A kan babur aka kai shi asibiti, aka yi masa ɗinki. Mun gode wa Allah ya warke, amma ya yi wata guda yana ɗingishi.

Da muka taru ran Lahadi bayan sujada, zukata sun yi zafi. Aka kawo shawara biyu. Ta fari, a ɗaure namijin nan a karya masa haure da guduma, ko a tumɓuke shi da awartaki. Ta biyu, daga yau duk ɗan alade da aka haifa a gidan ɗan ƙungiya a datse masa haƙora tun ranar haihuwa, domin kada ya girma da makami a baki. Na tashi na ce ban yarda da ko ɗaya ba. Waɗansu suka ga kamar na fi jin tausayin dabba a kan ɗan mutum. Ba haka ba ne. Abin da nake tsoro shi ne kada garin neman gira mu rasa ido. Bari in faɗi dalilina a nan, ku kuma ku auna.

Me ake yi da dogon haƙori?

Allah bai halicci kome a banza ba. Kafin mutum ya karya abu, ya kamata ya fara tambaya, me ake yi da shi? Mu duba dabbobin da muka sani.

Saniya da tunkiya da akuya ba su da fiƙa a sama, ba su ma da haƙoran gaba na sama. Makaminsu ƙaho ne. Kare da kura da zaki kuwa suna da fiƙa huɗu, da su suke cafke nama su riƙe har ya mutu. Wannan fiƙar neman abinci ce. Amma akwai dabbobin da ciyawa da saiwa ne abincinsu, duk da haka suna da dogayen haƙora. Su ne suka shafi maganarmu.

Giwa tana da haure biyu, mace da namiji duka a irin giwayen Afirka. Hauren nan haƙoran gaba ne na sama, suna kuwa girma muddin ranta. Wajen kashi ɗaya cikin uku yana ɓoye cikin ƙashin kai. A gare ta haure fartanya ne da gatari. Da shi take tonon ruwa a busasshen rafi da rani, take haƙar kanwa da saiwa, take ɓare ɓawon kuka. Kamar yadda mutum yake da hannun dama ko hagu, haka giwa takan fi aiki da haure ɗaya har ya fi ɗan'uwansa lalacewa. Kwaɗayin wannan haure ne ya sa aka karkashe giwaye har aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, shi ya sa kuma yau giwayen da suka rage a arewacin Nijeriya sai a wurare kaɗan irin su gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi.

Dorina kuwa 'yan'uwanmu na bakin Binuwai da Gongola sun san ta sarai. Fiƙarta ta ƙasa takan kai santimita 50, watau wajen kamu guda. Amma ba da ita take kiwo ba. Da leɓɓanta take tsinkar ciyawa da dare. Fiƙar nan ta faɗa ce kawai, namiji da namiji a kan wurin zama cikin ruwa, ko uwa a kan ɗanta. In ka ga dorina ta wage baki kamar mai hamma, ba barci take ji ba, gargaɗi take yi maka.

Sai gadu, wanda ake kira mugun dawa, shi ne kuwa dangin aladenmu na gida. Yana da haure biyu manya a sama masu lanƙwasa, da biyu gajeru a ƙasa. Mutane sukan ji tsoron manyan, amma maharba sun san na ƙasan ne masu yanka, gama duk lokacin da ya buɗe baki ya rufe suna gogar na saman suna wasa kansu kamar wuƙa a kan dutse. In an kore shi yakan shiga ramin dabgi da baya, hauren yana fuskantar ƙofa. Gadu ba ya farautar mutum. In ya sami hanya gudu yake yi. Sai an matsa shi, ko an taɓa 'ya'yansa, sa'an nan yake sara.

Ko raƙumi da doki ma haka ne. Amale yana da fiƙa manya da yake faɗa da su lokacin barbara, ingarma yana da fiƙa, yawancin goɗiyoyi kuwa ba su da ita.

To, ga darasin. A wurin dabba mai cin ciyawa, dogon haƙori yana da lokacin aikinsa: lokacin barbara, lokacin da wani namiji ya zo kusa, lokacin tsaron 'ya'ya, da lokacin da aka matsa dabba ta rasa hanyar fita. Wanda ya san waɗannan lokatai huɗu ya riga ya sami rabin kariya. Yaronmu ya shiga tsakanin namiji da macensa, a ɗaki mai ƙofa ɗaya, shi kaɗai, hannu wofi. Ba laifinsa ba ne. Laifinmu ne mu manya da ba mu koya masa ba, ba mu kuma gina ɗakin yadda ya kamata ba.

Hauren namijin alade

Babban alade yana da haƙora 44, huɗu daga ciki fiƙa ne. A wurin mace fiƙar takan daina girma in ta manyanta. A wurin namiji kuwa ba ta dainawa har ya mutu. Kamar ta gadu, ta ƙasa tana wasa kanta a jikin ta sama. Namiji ba ya cizo kamar kare, kaɗa kai yake yi gefe ya ɗaga sama, shi ya sa raunin yakan faɗa a cinya ko a sha raɓa, inda manyan jijiyoyin jini suke.

Ba ya kuwa sara ba tare da alama ba. Za ka ga yana tauna baki ba abinci, kumfa tana zuba. Gashin bayansa yana miƙewa, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana ba ka gefen jiki yana kallonka da ido ɗaya. Wanda ya ga haka ya fita a hankali, fuskarsa na wajen dabbar.

Me ya sa na ƙi guduma da awartaki? Dalili uku.

Na ɗaya, haure ba ƙaho ba ne, ba kuma farce ba ne. Haƙori ne mai rai. A cikinsa akwai rami mai jijiya da jini, sau da yawa kuwa ramin nan yakan haura dasashi. In aka buga guduma, haure ba ya karyewa daidai, tsagewa yake yi har cikin dasashi. Datti ya shiga, baki ya kumbura ya yi mugunya. Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san abin da nake faɗi. Dabbar za ta ƙi cin abinci, ta rame, ta ƙi barbara. Kuɗin da gwauraye da matasa suka tara da ƙyar ya tafi ke nan.

Na biyu, fiye da rabin hauren yana binne cikin muƙamuƙi, a lanƙwashe. Mai neman tumɓuke shi da ƙarfi yana iya karya muƙamuƙin kansa. Daga nan sai wuƙa.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, karya haure ba ya canja hali. Namijin da ya kai kilo 200 yana iya kā da mutum ya matse shi da bango ko ba haure. In kuwa saiwar tana nan, hauren zai sake tsirowa. Abin da za mu samu kawai shi ne dabba mai jin zafi, wadda ta koyi cewa hannun mutum mugunta yake kawowa, da kuma mutane masu sakaci domin suna tsammani hatsari ya wuce. Haƙorin dariya shi ke cizo. Alade da ka ce ka gama da shi, shi ne zai ji maka.

Haƙoran 'yan alade

Yanzu shawara ta biyu. Gaskiya ne, ana haihuwar ɗan alade da ƙananan haƙora 8 masu tsini kamar allura, biyu biyu a kowane gefe, sama da ƙasa. Amma waɗannan haƙoran nono ne, za su faɗi. Hauren da muke tsoro daga baya yake fitowa. Saboda haka datse su ba zai hana namiji yin haure ba ko kaɗan. Wanda ya kawo shawarar nan ya yi da kyakkyawar zuciya, amma maganin bai dace da cutar ba.

To, me ya sa aka ba jariri makami tun ranar fari? Ku zauna ku lura da aladiya mai shayarwa. Nononta ba ya zuba kullum kamar na saniya da ake tatsa. Wajen sau ɗaya a sa'a take gurnani ta kira su, nonon kuma ya zubo na ɗan lokaci ƙalilan, bai kai rabin minti ba. Wanda bai kama a wannan lokaci ba ya yi asara sai wani zagaye. Saboda haka a kwanakin fari kowane ɗa yakan yi kokawa ya zaɓi nasa kan nono, ya tsare shi da 'yan haƙoran nan. Da zarar kowa ya san wurinsa, faɗa ya ragu, kowa ya riƙa zuwa nasa har yaye.

Yaushe faɗan yake yin muni har fuskoki su yi rauni, hantsar uwa ta yi miki? Sa'ad da nono ya kasa, ko 'ya'ya suka fi kan nono yawa. Yawancin aladu suna da kan nono 12 zuwa 14, ba kuwa dukansu ne suke aiki ba. Rauni a fuskar ɗan alade wasiƙa ce zuwa ga mai shi, tana cewa uwar nan tana jin yunwa ko ƙishi. Aladiya mai shayarwa tana bukatar ruwa lita 20 zuwa 30 a yini, watau kamar babbar jarka guda, da zafin bazara ma fiye. Nawa ne a cikinmu suke ba ta haka? Tana bukatar abinci mai gina jiki, ba dusa zalla ba. A haɗa mata da ƙuliƙuli, ko waken soya da aka soya, da garin ƙashi da ɗan gishiri da ɗanyen ganye. Mukan bar ta da rabin bokiti na ruwan wanke-wanke, sa'an nan mu ɗora wa haƙoran jarirai laifi.

Datsewar kuma tana da nata hatsari. Haƙorin jariri ƙanƙane ne, in an matse shi da abin yanke farce ko filaya yakan farfashe, ramin jijiya ya buɗe. Ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga jini, sai ka ga bayan mako ɗaya ko biyu gwiwoyin ɗan alade sun kumbura, ya kasa tashi. In kuma da ƙarfe ɗaya aka bi gida gida ba a dafa shi ba, mun zama masu raba cuta da hannunmu. Wannan al'ada daga manyan gonakin Turai aka koyo ta, amma su kansu sun ja da baya. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta hana a mai da ita abin yi kullum. Ta yarda ne kawai in an ga rauni a zahiri, an kuma fara gwada gyara kiwon, kuma kada jariri ya wuce kwana 7. In waɗanda suka koya mana sun ja da baya, don me mu za mu fara yanzu?

Abin da masu gardama da ni suka faɗa

Wani dattijo ya ce mini, “Malam, kana magana kamar likitan dabbobi yana bayan gidanmu. In mun kira shi sai mun biya kuɗin mai, wani lokaci ma ba ya zuwa.” Gaskiyarsa. Ni ma na taɓa jira kwana uku. Amma ai domin irin wannan ne muka kafa ƙungiya. Abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, mutum ashirin za su iya. In muka sa rana ɗaya a shekara, ko biyu, likita ya zo ya duba namijin, ya yi wa sauran allura da maganin tsutsa, kuɗin da zai faɗa kan kowa bai kai na kaza ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mahaifin yaron kuma ya ce, “Da ɗanka ne, da ba ka faɗi haka ba.” Maganar ta shige ni, ban kuwa yi fushi ba. Amsata ita ce, domin kada a sāke yi wa ɗan wani ne nake magana. Ban ce a bar haure ya yi ta girma yadda ya ga dama ba. Akwai lokacin da ya wajaba a rage shi: in ya yi tsawo har yana yanka mata lokacin barbara, ko ya lanƙwasa yana neman huda kumatun dabbar, ko za a yi tafiya da shi tare da waɗansu. Amma ragewa dabam, karyawa dabam. Wanda ya iya aikin yakan sa igiya a bakin sama bayan fiƙa, a ɗaure a jikin gungume mai ƙarfi, in da hali a yi masa allurar kwantar da jiki. Sa'an nan ya yanke da waya ta musamman mai kama da zarto, ya bar wajen inci guda a bisa dasashi domin kada ya taɓa jijiya, ya goge bakin da magagari. Tun da hauren zai sake girma, akan maimaita bayan wata shida zuwa shekara. Wannan aikin mai koyo ne, ba na kowa da kowa ba.

Shawarata ga ƙungiyoyi

1. A gina wa namiji ɗaki mai ƙarfi, da kwamin abinci da na ruwa da za a iya cikawa daga waje. A yi ƙaramin shinge a gefe mai ƙofa, inda za a tura shi in za a yi shara.

2. Kada yaro ya shiga wurinsa ko da wane dalili. Babba ma kada ya shiga shi kaɗai. A riƙe faffaɗan allon katako a gaban ƙafafu, da shi ake tare dabbar ana juya ta. Kada a ba shi baya.

3. A kai mace wurin namiji, a bar su su gama. A fara tura namijin cikin shingensa kafin a fitar da ita.

4. Kada a haɗa manyan maza biyu da ba su san juna ba. Za su yi ta sara har ɗaya ya kwanta.

5. Kada a doke shi, kada a bar yara su tsokane shi da sanda ta kan katanga. Kada kuma a mai da shi abokin wasa tun yana ƙarami, gama wanda ya saba tunkuɗar mutum da wasa, ran da ya girma ba wasa zai yi ba.

6. Mazan da ba za a bari domin iri ba, a yi musu dandaƙa tun suna ƙanana. Haurensu ba ya girma kamar na wanda aka bari, faɗansu kuma kaɗan ne.

7. A canja namijin ƙungiya bayan kamar shekara biyu yana aiki. Wannan zai rage masa hawan 'ya'yansa mata, wanda yake lalata iri, zai kuma raba mu da shi kafin haurensa da nauyinsa su gagare mu.

8. In aladiya ta haifi fiye da yadda za ta iya shayarwa, a bar su su sha dakashin uwarsu tukuna, sa'an nan cikin kwana ɗaya ko biyu a mai da waɗansu ga wata da ta haihu a lokaci ɗaya. A nan ma amfanin ƙungiya yake fitowa.

9. In alade ya sari mutum, a danne wurin da tsumma mai tsabta domin jini ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu sosai, a tafi asibiti a ranar. Bakin alade cike yake da ƙwayoyin cuta. A nemi allurar tetanus, ciwon nan mai ƙulle muƙamuƙi ya sandare jiki. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki.

Namiji kuwa da ya nuna mugun hali, yana kai wa mutane hari ba dalili, kada a ɓata lokaci a kan haurensa. A sayar da shi ga mahauta. A nan ina da gargaɗi ga mu masu bi. Ko a kasuwar ƙauye ce, ko a babbar kasuwar alade ta Katsit kusa da Kafanchan, kada mu rage wa mugun namiji haure mu sayar wa wani manomi a kan na iri ne mai lafiya. Wannan sayar da jinin ɗan maƙwabci ne. A faɗi gaskiya ko da kuɗin zai ragu.

Ƙarshen magana

A ƙarshe ƙungiyarmu ta ajiye guduma. Muka kira likita ya rage hauren, muka yi gayya ran Asabar muka gyara ɗakin, muka kuma biya kuɗin asibitin yaron daga asusu, gama dabbar tamu ce duka, sakacin kuma namu ne duka. Har yanzu akwai waɗanda ba su gamsu ba, muna kuwa zama a benci ɗaya ran Lahadi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi, a taronku na gaba ku buɗe Farawa sura 2 aya 15, da Karin Magana sura 12 aya 10, ku karanta tare, sa'an nan ku tattauna wannan magana. An ba mu iko a kan dabbobi, amma ikon mai riƙon amana ne, wanda zai ba da lissafi. Ran ɗan mutum ya fi dukan garke daraja, a kan wannan ba gardama. Sai dai hanyar tsare ran nan ita ce sanin halin dabbar da gyara namu aikin. Rigakafi ya fi magani.

In wata ƙungiya tana da wata dabara da ta gwada ta ga amfaninta, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ubangiji ya tsare mu da 'ya'yanmu, ya sa albarka ga kiwonmu da gonakinmu. Amin.